Shagon gyaran sauti na unguwar Zariya: abin da ya iya da abin da ke ba ni haushi

Masu ɗaukar bidiyon biki sun cika garin Maradi, amma masu iya gyara sautin da muka ɗauko kaɗan ne. Yawancin shagunan montaj hoto suka sani: a yanka, a liƙa, a ɗora waƙa don ta rufe ɓarnar da ke ƙasa. Ni sana'ata ɗaukar biki da suna da wa'azi, kuma duk aikin da ya fi ƙarfina, wani ƙaramin shago da ke unguwar Zariya nake kai wa.

Ɗaki ɗaya ne, kwamfuta biyu, an manna soso a bango don kada murya ta yi amsa-kuwwa. Mai shagon matashi ne, da manhajar montaj ta DaVinci Resolve yake aiki, kuma na kuɗin ya saya, wato Studio, mai dalar Amurka 295. Ba ya karɓar diski sai ya tsare ka da tambaya: da kyamara aka ɗauka ko da waya, wutar gari ce ko ta gurup, wato janareto, daga sono, wato kayan lasifikar taro, aka ja sautin ko daga makirfon kyamara. Wasu suna ganin iyayi ne. A wurina nan rabin aikin yake.

Akwai wa'azin da ɗaliban wani malami suka ɗauka da waya, sautin kuma a wata na'ura daban, suka kawo mini in haɗa. Farkon ya zauna daidai, amma kafin a kai tsakiya bakin malam daban, maganarsa daban. Da yaron ya duba sai ya ce, "Yaya, ba montaj ɗinka ba ne, halin waya ne." Waya ba ta riƙe adadin hotuna ɗaya a kowace daƙiƙa, in haske ya ragu ko ta yi zafi sai adadin ya sauya, ita kuwa na'urar sauti tana tafiyarta ba ta jira. Maganin bai ɗauki lokaci ba: ya bi da bidiyon ta HandBrake, manhajar kyauta, ya tsayar da shi a kan hoto 25 a daƙiƙa, sannan ya shigar da shi Resolve. Ya kuma mai da ma'aunin ɗaukar sautin 48 kHz daga 44.1, don komai na aikin ya zama ma'auni ɗaya. Bai ɓoye mini hanyar ba, har ya rubuta mini ita a takarda, alhali ya san ba zan sake biyansa kan wannan matsalar ba.

Inda ya fi ƙwarewa shi ne gurnanin wuta, wannan "uuu" da ke kwance ƙarƙashin muryar mai magana in an ja sauti daga sono. Lantarkinmu na Nijar 50 Hz ne, wato sau 50 yake kaɗawa a daƙiƙa, saboda haka gurnanin a 50 yake zama, da 'ya'yansa a 100 da 150. A Fairlight, shafin gyaran sauti na Resolve, akwai abin cire shi. Sai dai in da gurup aka yi taron, injin ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana hawa yana sauka, gurnanin kuma yana bin sa. Nan ne yaron yake zama da abin ji a kunne yana bi gaɓa-gaɓa. Wannan 50 ɗin dai shi ne ke sa hoto ya riƙa ƙyaftawa a ƙarƙashin fitilun ɗakin biki, idan kyamara tana kan tsarin Amurka na hoto 30 ko 60 a daƙiƙa. Shawararsa ga kowa: a mai da ita 25, saurin rufe idon kyamara 1/50 na daƙiƙa, tun kafin a fita daga gida.

Studio ɗin yana da abin ware murya daga hayaniya, wanda babu shi a na kyauta. Na ga shagon da ya murɗa shi har ƙarshe a bidiyon ɗaurin aure, muryar liman ta fito kamar daga cikin randa, guɗar mata da kalangu duk suka ɓace. To biki ba guɗa, me uwar amarya za ta kalla? Shi kuwa yaron nan kaɗan yake sa wa, ya bar taron da ransa. Kuma in sauti ya fashe tun wurin ɗauka, saboda mai sono ya ƙure ƙara, yakan faɗa maka gaskiya: zai rage kaifin, amma ba zai dawo da abin da bai shiga na'ura ba. Kullum gargaɗinsa a bar allurar da ke nuna ƙarfin sauti tana wasa wajen -12. Kafin ya miƙa aiki yakan saurare shi a lasifikar waya mai araha, don a nan mutanenmu za su ji shi ta WhatsApp. Na YouTube kuwa wajen -14 LUFS, ma'aunin ƙarar sauti, yake tsayar da shi, tunda in ka wuce nan su ma rage maka za su yi.

Yanzu ga haushin. Alkawarinsa ba ya cika: in ya ce Laraba, ka sa ran Asabar, musamman dab da azumi da bayan salla lokacin da aure ya yi yawa. Ba shi da batirin da zai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, kuma a zafin watan Afrilu fanka ɗaya ce a ɗakin, sai ya kashe kwamfutar da rana don kada ta ƙone. Saƙon waya ba ya amsawa, sai ka taka da ƙafarka. Gyaran launi ma ba fanninsa ba ne. Fatar mutane takan fito da ja fiye da kima, don haka hoto ni nake gamawa, sautin kawai nake bar masa.

Jika goma sha biyar na biya kan wa'azin nan mai tsawon awa ɗaya da wani abu. Wasu za su ce da tsada, ni ban ga tsadarsa ba. In za ka je, ka tafi da ainihin fayilolin da suka fito daga kati, ban da wanda aka turo ta WhatsApp, don an riga an matse shi. Ka kuma riƙe diskinka na biyu, domin da ya miƙa aiki yake share nasa, wurin ajiyarsa kaɗan ne.