GARGAƊI: Mai sayar da aku ya wanke ni naira 285,000

Jama'a, assalamu alaikum. Kwana tara ke nan ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya. Yau dai na ce ko dariya za a yi mini a yi. Naira dubu ɗari biyu da tamanin da biyar, 285,000, wani mara tsoron Allah ya karɓe mini da sunan zai turo mini aku, kuma har yanzu ko gashin tsuntsu ban gani ba.

Kafin wani ya ce "ai kai ka so", ku tsaya ku ji. Ni ba baƙo ba ne a harkar tsuntsaye. Shekarata goma sha huɗu ina kiwon tantabaru, na riƙe kanari, na riƙe tsirya. A unguwarmu in tsuntsun wani ya kumbura ya daina cin abinci, ƙofata ake bugawa. Aku ne kawai ban taɓa mallaka ba, wannan ruwan tokan mai jar wutsiya, aku mai bakin magana, kuma tun ina yaro nake sonsa. Tsuntsu ne da in ya samu kulawa yakan kai shekara arba'in, wani ma ya haura hamsin, wato kana iya saye 'ya'yanka su gada. Da wannan lissafin na ga kuɗin ba su yi yawa ba.

A Facebook na ga shafin mai sayar da akun, daga nan muka koma WhatsApp. Ya ce yana Ikom, can jihar Kuros Riba kusa da iyakar Kamaru, kuma duk wanda ya san aku ya san daga dazuzzukan wannan yanki zuwa Kamaru da Gabon da Kwango nan ne gidansa. To me zai sa in yi shakka? Hausa yake yi tsaf, irin ta wanda ya daɗe a kudu. "Alhaji" yake ce mini, ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba.

Ga wurin da ya kama ni, kuma wallahi kullum na kwanta sai abin ya dawo mini. Ya turo bidiyo biyu. Babban aku mai farin ido da ya ɗan yi ɗorawa, ya ce 500,000. Ƙarami mai baƙin ido, 350,000. Ni babban na nuna. Sai ya turo saƙon murya ya ce, "Alhaji, tsakanina da Allah kada ka ɗauki babban nan. Ya riga ya saba da wani, cizo zai yi ta yi, ƙarshe ya tsige gashinsa don baƙin ciki. Ɗauki ƙaramin, dubi idonsa bai juya ba, a hannunka zai koyi magana." Ku gaya mini, wane ɓarawo ne zai hana ka sayen na 500,000 ya tura ka ga na 350,000? Kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. Ɗan aku da baƙin ido yake fara rayuwa, sai yana girma idon ya yi haske ya koma ɗorawa-ɗorawa, kuma aku in ya shiga damuwa yana tsige gashin jikinsa. Na san wannan tun kafin in san shi. Har ya gargaɗe ni kada in ba shi fiya ko cakulan, guba ne gare shi, in nemo masa kwakwar manja. Nan ma gaskiya ne. Na ma gwada shi, na tambaye shi bambancin wannan da irin na Saliyo da Laberiya, nan take ya ce wancan wutsiyarsa ja ce mai duhu, saman bakinsa da ɗan haske, kuma bai kai wannan girma ba. Daidai. Wannan saƙon muryar na saurare shi ya fi sau talatin tun da abin ya faru. "Tsakanina da Allah." Haka ya ce.

Ranar Talata na tura kafin alƙalami 150,000, a kan sauran 200,000 sai tsuntsu ya iso hannuna. A'a, Litinin ce da daddare, don na tuna daga masallaci na dawo. Talata ita ce ranar 45,000 ta akwatin tafiya da kuɗin mota. Wannan ban yi gardama ba, ai ba a buhu za a sako shi ba. Ya turo hoton mota a tasha, ya ba ni lambar direba, na kira, direban ya ce e, kaya na wurinsa, har ina jin hayaniyar tasha a bayansa.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin in tura ko sisi na nemi kiran bidiyo. Sau biyu. Na farko ya ɗauka, fuska ta ɗan bayyana, sai ya katse, ya ce sabis ɗin garinsu sai a hankali. Na biyu ya ce yana wurin jana'iza. Wa zai matsa wa mutum yana wurin jana'iza? Ni dai tarbiyyata ba ta ba ni ba.

Sai 60,000 ta takardar likitan dabbobi. Ya ce mota ba za ta wuce Makurɗi ba sai da ita, kuma za a cire daga cikon kuɗin. Wannan asusun sunan mace ne, ya ce matarsa ce. Na farkon ma ba sunan da ya gaya mini ba ne, ya ce na ƙaninsa ne mai POS. E, na gani. Na gani da idona, kada wani ya zo yana nuna mini. Amma mutum nawa ne a cikinku suke karɓar kuɗi ta asusun mai POS? A lokacin 195,000 ɗina tana hannunsa, in na tsaya a kan 60,000 me na yi ke nan?

Laraba da asuba direba ya kira yana haki, wai an tare su a shinge bayan Akwanga, za a ƙwace tsuntsun in ba a kawo 30,000 ba, kuma yaron bai sha ruwa ba tun jiya. "Yaron" yake ce wa akun. Na tura ina tsaye a tsakar gida ko shayi ban sha ba. 150,000 da 45,000 da 60,000 da 30,000. Ku haɗa. 285,000. Na wuni a tasha har magariba ina duba kowace mota da ta shigo, wani ɗan kamasho ya tausaya mini ya kawo mini benci. Lambar direba a kashe. Lambar motar da ke hoton babu wanda ya san ta.

Ƙanina ne ya tona asirin. Ya ɗauki hoto daga bidiyon ya saka a Google, cikin minti biyar ga shi a shafin wata mai kiwo a Turai, an ɗora shi tun shekara uku da suka wuce. Ya ce, "Yaya, dubi bangon, wannan ƙarfen ai na ɗumama ɗaki ne, me zai kai shi Ikom?" Ni idon tsuntsu nake ta kallo, ban kalli bango ba. Na kalli bidiyon nan ya fi a ƙirga, ban taɓa ganin ƙarfen ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne amsar da mai sayar da akun ya ba ni da na ce zan kai ƙara. Dariya ya turo, ya ce in je in faɗa musu da bakina tsuntsun da aka hana nake saye. Tun farko na tambaye shi wannan! Na san tun 2016, a taron CITES na Johannesburg, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, aka saka wannan aku a jerin farko na waɗanda ke fuskantar ƙarewa, aka hana cinikin kamun daji tsakanin ƙasashe, saboda yadda ake kwashe su daga kogon bishiya har sun kusa ƙarewa a wasu wurare. A Gana ma fiye da kashi 90 cikin 100 sun tafi. Shi ya sa na tambaya, ya rantse mini ƙyanƙyasar gida ne, da zobe a ƙafa irin marar tsaga da ake saka wa ɗan tsako, da takarda. Yanzu kuma da wannan yake rufe mini baki. Daga nan ya toshe ni.

Na je banki na cike takarda, na kai rahoto, an ce in jira. Ina jira. Hotunan hirarmu duka suna nan, da rasit huɗu, da saƙon muryar. Zan ɗora su da zarar ƙanina ya rufe lambobin da bai kamata su fita ba. Shafin kuma ya canza suna, jiya na gan shi da bidiyon nan dai, yanzu har da wasu manyan aku shuɗɗa na Barazil da ƙwai wai na ƙyanƙyasa. Mutum biyu sun riga sun rubuta "nawa ne" a ƙasa.

Kada ku tura ko naira ɗaya kan tsuntsun da ba ku gani a gabanku ba. Ba kiran bidiyo, ba ciniki. Sunan asusu ya bambanta, ku gudu. Aku mai jar wutsiya da ba zobe ba takarda ku bar shi, ko na gaske ne.

Uwargida har yau ba ta san adadin ba, 150,000 na ce mata. Auta kuma kullum sai ta tambaya, "Baba, yaushe akun zai zo?" Allah ya isa tsakanina da shi, 285,000, ban yafe ba. Kejin da na sa mai walda ya yi mini 38,000 ban ma saka shi a lissafi ba, yana nan a zaure. Mai so ya yi magana, amma sai ya zo ya gani da idonsa.