Aika asalin wasiyya a Ingila: Signed For ko Special Delivery

Duk mai neman izinin raba gado a Ingila ko Wales sai ya aika wa ofishin gado na kotu asalin wasiyyar mamaci, in ya bar wasiyya, domin kwafi ba ya wadatarwa, kuma ba a dawo da ita.

Hanyar Signed For ta Royal Mail, kamfanin gidan waya na Birtaniya, ta fi araha, sai dai abin da take tabbatarwa shi ne sa hannun wanda ya karɓa. In takardar ta maƙale a hanya, babu yadda za a gane inda ta tsaya. Special Delivery Guaranteed kuwa ana bin sawunta tun daga gidan waya har ta isa, kafin ƙarfe 1 na rana a ranar aiki ta gaba.

A ganina ta biyun ta cancanci ƙarin kuɗinta, saboda ɓatan asalin wasiyya na nufin cike fom PA13 na sanar da ɓatan wasiyya da kawo hujjoji, magada kuma suna ta jira. Kafin aikawa a ɗauki kwafin kowane shafi ba tare da cire ƙarfen da ya haɗa su ba, domin ramukan da zai bari kan sa kotu ta tambayi ko an zare wani shafi. A kuma adana rasit.