Kulle Bayanai a Girgije: Wane Kwaɗo Za Ka Zaɓa?

Masu kutsen neman kuɗin fansa sun daɗe da gane dabara: kafin su murɗe bayananka yadda ba za ka iya karanta su ba, sai su fara goge kwafin da ka ajiye don ko-ta-kwana. Maganinsu shi ne ma'ajiyar da ake rubutu a cikinta sau ɗaya, a karanta iya son rai, amma ba gyara ba gogewa sai wa'adi ya cika. Amazon da Microsoft da Google duk suna da ita a girgijensu, wato rumbun ajiyar bayanai na intanet, sai dai kwaɗon kowa da irin nasa.

Object Lock, kwaɗon ma'ajiyar Amazon mai suna S3, wanda ya fito a 2018, kashi biyu ne. A tsarin Governance, mai izini na musamman yana iya cire kullen. A Compliance kuwa, ko mai asusun bai isa ba. Wa'adi sai dai a ƙara, ba a ragewa. Hannunka ya zame ka rubuta shekara 10 maimakon 1? To, shekara 10 za ka yi kana biyan kuɗin ajiya, in ba asusun za ka rufe gaba ɗaya ba. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya fara da Compliance. A gwada da Governance tukuna, amma a sani duk wanda ya sace wancan izini ya sace makullin ke nan.

Azure na Microsoft yana barin ka gwada ƙa'idar kullen a buɗe kafin ka datse ta. Bucket Lock na Google ma in ka datse, bakin alƙalami ya bushe.

Kafin ka duba farashi, duba dokar da ta hau kanka. Dillalan hannun jari a Amurka suna ƙarƙashin doka ta 17a-4 ta hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, wadda aka gyara a 2022 ta amince da tsarin da ke adana tarihin kowane canji a madadin kulle. Dokar GDPR ta Tarayyar Turai kuma ta ba mutum 'yancin neman a goge bayanansa. Ka kulle su fiye da yadda doka ta buƙata, ka ɗaure kanka da igiyarka.

In shari'a ce ta taso, akwai kulle marar wa'adi, wanda ke nan daram sai an cire shi da hannu.

Ka kuma tambayi wa ke riƙe da makullin sirrin da aka lulluɓe fayilolin da shi. In ɓarawo ya goge wannan, fayil yana nan ba abin da ya taɓa shi, amma ba mai iya karanta ko harafi ɗaya.