Kamarar DSLR ta hannu ko mirrorless sabuwa?

Masu sha'awar ɗaukar hoto a Maradi sun ishe ni da wannan tambaya. DSLR kamara ce mai madubi a ciki, mirrorless kuwa ba ta da shi.

Wajen kuɗi, tsohuwar DSLR ta Canon ko Nikon mai lens (gilashin gaban kamara) 18-55mm ta fi araha nesa ba kusa ba, batirinta kuma yana jimawa, ko an ɗauke wuta ba ka damuwa. Mirrorless ba nauyi, tana bin idon ɗan kokawa ko yana tsakiyar juyi. Sai dai da hunturu, kana cire lens ƙura ta sauka kan sensa (sashen da ke ɗaukar hoton a cikin kamara), kowane hoto ya fito da ɗigo-ɗigo. Tun 2018 kamfanonin biyu suka karkata ga mirrorless, sabbin lens can suke fitowa.

Mai koyo da ƙaramin aljihu, DSLR ta ishe shi. Mai son bidiyo da yawan yawo, ya tara kuɗin mirrorless.