Wace laburaren zane za ka haɗa da manhajar lissafinka: ROOT, PLplot, PGPLOT, DISLIN ko VTK?

Wanda ya rubuta manhajar lissafi da C, C++ ko Fortran, yana kuma son ta fitar da giraf da kanta, yawanci hotunan misali yake dubawa ya zaɓi laburaren da zanenta ya fi burge shi. Ba a nan wahalar take ba. Kusan dukkansu suna zana layi da histogiram da kwantuwa yadda ya kamata. Inda ake shan wuya shi ne wajen haɗa manhajar da laburaren, domin kowace laburaren zane tana jawo wasu a bayanta: X11, libpng, cairo, OpenGL, wani lokaci har da libgfortran. Don haka abin da ya kamata a fara tambaya shi ne: a wace na'ura hoton zai fito, kuma waɗanne laburare ne ke kanta?

Idan a sabar da ba ta da allo manhajar za ta yi aiki, taga ba ta da amfani gare ka, fayil ɗin PDF ko PNG kake bukata. Wannan kaɗai yana rage rabin matsalar.

ROOT daga CERN take, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai, René Brun da Fons Rademakers ne suka fara ta a tsakiyar shekarun 1990, kuma ita ce ta masu nazarin ƙwayoyin zarra. Tana da girma ƙwarai, amma haɗa ta ba wuya saboda umurnin root-config. Ana rubuta g++ shiri.cpp sannan $(root-config --cflags --glibs). Bambancin --libs da --glibs shi ne na biyun yana ƙara -lGui, laburaren tagogi da maɓallai. Abu uku ne ke yawan tuntsurar da mutane. Na farko, ROOT an gina ta da wani ƙayyadadden matakin C++, misali C++17, kuma dole manhajarka ta bi wannan matakin. Idan ka sa -std naka daban za ka ga kurakurai tun daga fayilolin kanu (header). Na biyu, ba duk sassanta ke cikin --libs ba, mai amfani da TMinuit sai ya ƙara -lMinuit da hannunsa. Na uku ba na haɗawa ba ne amma yana kama da shi: manhajar ta ginu lafiya, ta yi gudu, taga ba ta fito ba, domin ba a ƙirƙiri TApplication an kira Run ba. A sabar kuwa gROOT->SetBatch(kTRUE) ake sawa, a adana zanen da SaveAs. Mai bukatar histogiram da daidaita lanƙwasa da ajiyar bayanai masu yawa a wuri ɗaya, ROOT ta dace da shi. Ɗauko ta don zana layi biyu kuwa, tamkar hayar tirela ce don kai buhu ɗaya.

PLplot ita ce matsakaiciya, kuma ga yawancin sababbin ayyuka ita ta fi cancanta. Da C aka rubuta cikinta, tana da hanyar kira daga C++, Fortran, Python da wasu harsunan, lasisinta LGPL ne. Ana samun tutocinta, wato zaɓuɓɓukan da ake ba kompaila, da pkg-config --cflags --libs plplot, na Fortran kuma sunan plplot-fortran ne. Direbobinta, irin su xwin, xcairo, pngcairo, pdfcairo da svg, galibi sai lokacin gudu ake lodo su, ba lokacin haɗawa ba. Alherin hakan shi ne layin haɗawarka gajere ne. Sharrinsa kuma, manhajar za ta ginu ba kuskure ko ɗaya, sai ka nemi pngcairo ta ce ba ta san shi ba, domin a tsarin Debian da Ubuntu direban cairo kunshinsa daban ne, ba ya zuwa tare da laburaren. Lambobinta na nau'in PLFLT ne, wanda a ginin da aka saba double ne. Ka yi amfani da PLFLT ɗin kai tsaye maimakon zato.

PGPLOT tsohuwa ce, Tim Pearson na Caltech ya rubuta ta da Fortran 77, sigarta ta 5.2.2 ta fito a 2001. Masana taurari sun dogara da ita shekaru da yawa, shi ya sa tsofaffin manhajoji da dama ba sa ginuwa sai da ita. Daga C ana kiran ta ta cpgplot, layin kuma ya kan zama -lcpgplot -lpgplot -lX11 -lpng -lz -lgfortran -lm. Mai haɗawa da gcc ya manta -lgfortran zai ga dogon jerin “undefined reference to _gfortran_”. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar gfortran ya yi matakin haɗawar. Tana bukatar fayil ɗin haruffa grfont.dat, kuma in ba a nuna mata inda yake ta PGPLOT_DIR ko PGPLOT_FONT ba, giraf zai fito babu rubutu. Direbanta na PNG ya girmi libpng ta yanzu, sai an yi masa gyara kafin ya ginu. Lambobinta float ne, ba double ba, lasisinta kuma bai ba da damar kasuwanci kai tsaye ba. Sabon aiki bai kamata ya fara da ita ba. Wanda ya gaji manhajar da ke kiranta, ya duba giza, wadda ke karɓar kiraye-kirayen PGPLOT ta zana su da cairo.

DISLIN ta Helmut Michels ce, masu Fortran suna son ta don sauƙin kiranta. Yawanci a gine ake rarraba ta, don haka sai ka ɗauki kunshin da ya dace da kompailarka. Tana zuwa iri biyu, -ldislin na float da -ldislin_d na double. Idan ka miƙa wa ɗaya lambobin ɗayan, linka, wato mai haɗa manhaja da laburare, ba zai ce uffan ba, zanen ne kawai zai fito shirme. A Linux tana neman Motif, wato -lXm.

VTK ta Kitware wata duniya ce daban: zane mai fuska uku, OpenGL, da gini ta CMake. Kada ka yi ƙoƙarin rubuta tutocinta da hannu. Ka yi amfani da find_package da target_link_libraries, ka kuma kira vtk_module_autoinit, in ba haka ba manhajar za ta ginu amma ta kasa buɗe tagar zane. A sabar marar allo tana bukatar abu kamar OSMesa ko EGL, masu ba da damar zane ba tare da taga ba.

Akwai kuma zaɓin ƙin haɗawa gaba ɗaya. GSL, laburaren lissafin kimiyya ta GNU, ba ta da zane ko kaɗan, -lgsl -lgslcblas -lm ne kawai. Manhajar ta rubuta sakamako a fayil, ko ta buɗe gnuplot, manhajar zana giraf mai zaman kanta, da popen ta tura masa umurni. Ba X11 a layin haɗawa, ba rikicin siga. Abin da aka rasa shi ne saurin sabunta zane yayin da lissafi ke gudana. Sai dai a lura GSL lasisinta GPL ne, wanda ke shafar duk manhajar da aka haɗa da ita aka rarraba.

Kowacce ka zaɓa, ƙa'idar jeri ɗaya ce. Linka daga hagu zuwa dama yake karantawa, yana riƙe sunayen da bai samu ba yana neman su a gaba. Fayilolinka su zo farko, sai laburaren da ke kira, sai wadda ake kira. Shi ya sa -lcpgplot ke gaban -lpgplot, ita kuma gaban -lX11. Da laburaren .a wannan dole ne, kuma a tsarin da ke kunna --as-needed tun asali, kamar Ubuntu, har .so ma ya shafa. Saƙon “cannot find -lX11” yana nufin babu kunshin masu gini, libx11-dev ko libX11-devel, ko da X11 ɗin kanta tana kan na'urar. Saƙon “cannot open shared object file” kuwa na lokacin gudu ne: -L ya gaya wa linka inda laburaren take, amma bai gaya wa mai lodo ba. Umurnin ldd zai nuna wadda ta ɓace. Ana gyara shi da LD_LIBRARY_PATH, ko thisroot.sh a wajen ROOT, amma -Wl,-rpath ya fi ɗorewa tunda hanyar tana shiga cikin manhajar kanta.

Kafin ka yanke shawara, rubuta gwajin layi ashirin da ke zana lanƙwasa ɗaya ya adana ta a PDF, ka gina shi da laburare biyun da kake waswasi a kansu, a kan ainihin na'urar da aikin zai gudana, da kompailar da ke can.