Taya ko shokozoba: wanne ke sassauta bugun motar gudu a titunan Jidda?

Wani ɗan'uwa mazaunin Jidda ya yi tambaya. Ya sayi Ford Mustang GT ƙirar 2017 a hannu na biyu, mai ita na farko ya sa mata rim inci 20 da taya 265/35R20, ya kuma sauke ta ƙasa da gajerun sifirin. Yanzu kowane ɗan rami sai ya ji shi a ƙugu, tudun rage gudu kuwa, wanda ake ce wa matabbi a nan, sai ya lallaɓa kamar mai ɗauke da ƙwai. Kuɗinsa na abu ɗaya ne: ya canza tayoyi ko ya taɓa ƙafar motar, wato sifirin da shokozoba?

Malam, kafin ka nufi Sana'iyya, unguwar makanikai, ka fara rarrabe bugun da kake ji, don iri biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ɗan bugu mai kaifi, "tas-tas", idan ka taka mahaɗin gada ko murfin kwata ko inda aka yi wa kwalta faci. Wannan aikin taya ne, domin kafin shokozoba ta motsa bugun ya riga ya iso kujera. Akwai kuma babban bugu, "dum", lokacin da motar ta sauko daga matabbi, ko ta riƙa lilo bayan ta wuce kwari. Wannan na sifirin ne da shokozoba. Da alama motarka duka biyun take fama da su.

Mu fara da taya, don a nan lissafi ya fi fitowa fili. Lamba ta biyu a jikin taya kaso ne na faɗinta. Taka 265/35, tsayin gefenta kashi 35 cikin ɗari na milimita 265, wato kusan milimita 93. Wannan ɗan roba da iskar cikinsa su ne katifar farko tsakaninka da titi. Idan ka koma 255/40R19 ka samu milimita 102. Idan ka sauka zuwa 255/45R18 ka samu kusan 115, ƙarin fiye da santimita biyu ke nan a kan abin da kake da shi. Girman tayar gaba ɗaya kuma bai canza sosai ba: 255/40R19 da 255/45R18 duka kusan milimita 687 ne daga sama zuwa ƙasa, taka ta yanzu kusan 693, don haka agogon gudu da ABS (na'urar hana taya kullewa a birki) ba za su rikice ba. Ƙa'idar ita ce kada bambancin ya wuce kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari.

Amma leƙa birkinka tukuna. GT ɗin da ta zo da Performance Pack tana da birkin Brembo mai fistan shida a gaba da faifai milimita 380, kuma yawancin rim inci 18 ba sa shiga kansa, sai ka tsaya a 19. Idan birkin GT na yau da kullum ne, 18 zai zauna. Ramukan rim ɗin 5x114.3 ne, a ɗaure notin da sifana mai auna ƙarfin ɗauri a kan Nm 204, ba da bindigar iska ba har sai ta yi shiru. A tuna a mayar da na'urar auna iska daga tsohon rim zuwa sabo, in ba haka ba fitilar gargaɗi ba za ta mutu ba.

Irin tayar ma yana da nasa tasiri ko da girman ɗaya ne. Tayar filin tsere irin Michelin Pilot Sport Cup 2 gefenta a sandare yake, Pilot Sport 4S ta fi ta sauƙi a titi, tayoyin tafiyar nesa kuma sun fi su duka laushi da shiru, sai dai sitiyari zai ɗan rage kaifi a kwana. Wanda yake hawan Hada zuwa Ɗa'ifa don jin daɗin kwanoni zai lura da wannan, wanda zirga-zirgarsa titin Madina ce zuwa gida ba zai damu ba. Abu biyu kada ka sassauta: lambar nauyi da harafin gudu kada su gaza abin da ke rubuce a takardar jikin ƙofar direba (W kilomita 270 a awa, Y 300), sannan a zafin nan nemi wadda aka rubuta Temperature A, wato mafi jure zafi. Duba lambobi huɗun ƙarshe na DOT a jikin tayar, su ne lokacin da aka ƙera ta: 2324 na nufin mako na 23 a 2024. Tayar da ta daɗe a sito ko ta sha rana shekara biyar robarta ta bushe, bugunta ya fi na sabuwa ko da zanenta bai cinye ba.

Maganar iska: masu banshar, wato masu facin taya, da yawa psi 40 suke dura wa kowace mota. Ka auna da safe kafin motar ta motsa, ka daidaita da lambar jikin ƙofa. Sau da yawa wannan kaɗai ya rage wani abu, kuma kyauta ne. Kada kuma wani ya ce ka sace iska ƙasa da ƙa'ida don neman laushi. Taya mai ƙarancin iska lanƙwasa take yi tana tara zafi, a hanyar Makka da azahar ɗin Yuli kuwa ƙarshenta fashewa.

Yanzu ƙafar mota. Gajeren sifirin dole ya fi na kamfani tauri, tunda tazarar da ta rage masa kaɗan ce. Idan an bar shi a kan shokozobar asali, wadda a nan ake kira musa'adat, ita ba a gina ta don wannan tsayin ba: tana aiki a matse, tana saurin mutuwa, motar kuma tana faɗawa kan robar tsayawa a kowane matabbi. "Dum" ɗin da kake ji ke nan. Mafi arha kuma mafi tabbas shi ne mayar da sifirin na asali. Idan shokozobar tana yoyon mai a canza ta, biyu-biyu, gaba tare ko baya tare. Koni Special Active an yi ta ne don ta saki a ƙananan bugu ta riƙe a kwana, kuma da sifirin mai tsayin kamfani take tafiya. Bilstein B6 tana kama mota da kyau amma ta fi ta kamfani tauri, ba ita mai neman laushi zai saya ba. Koyiloba, wato shokozoba da sifirin a haɗe da ake iya saita tsayinsu, mai kyau irin KW V3 ko Öhlins tana iya haɗa ƙasa-ƙasa da daɗin zama, sai dai kuɗinta ya ninka na tayoyi kuma tana son mai saiti da ya san aikinsa. Mai arha, wadda ake tallata da "maki 32 na saiti", galibi ƙara maka ciwon baya za ta yi.

A duba bushin ma, wato robobin da ke mahaɗan ƙarafan ƙafar. Idan an sa na foliyuritan, wani roba mai tauri, a mayar da na roba, don na foliyuritan kai ƙara da girgiza yake yi cikin mota kai tsaye. Kuskuren da makanikai suka fi yi a nan: ɗaure kusoshin bushin motar tana rataye a sama. Idan aka sauke ta robar ta murɗe, motar ta yi tauri, bushin ya yage da wuri. A ɗaure su nauyin motar yana kan tayoyinta, sannan a kai ta mizani, wurin saita tsayuwar tayoyi.

Idan an jera su: taya aikin awa ɗaya ne, tana kashe ƙaramin bugu da ƙara, rim ɗinka na 20 kuma zai sayu ya rage maka kuɗi, amma ba za ta hana motar dukan robar tsayawa ba. Ƙafa aikin yini ne, ita ke maganin matabbi da lilo, amma ko ka sa shokozoba mafi tsada, milimita 93 na roba zai ci gaba da kawo maka kowane tsagin kwalta.

Da motarka tana kan sifirin ɗin kamfani, da taya za mu ce ka fara ba tare da wani dogon tunani ba. Tunda an sauke ta, fara da mayar da sifirin na asali, ana samunsu a tashlih, kasuwar kayan matattun motoci, da sauƙin kuɗi, hakan kuma zai raba ka da tambayoyi a wurin fahas, wato binciken lafiyar mota, don gyaran da ya canza tsarin mota ba tare da izini ba, laifi ne a dokar Murur, hukumar kula da zirga-zirgar motoci. Canjin da ya rage ka ajiye, ranar da waɗannan tayoyin suka cinye sai ka sauka zuwa 19 ko 18 a lokaci guda.