Waya ko kyamara: wacce ta fi ɗaukar hoton tsofaffin kwabbai?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: ka gaji gwangwanin tsofaffin kuɗin kakanka, akwai anini da kwabo masu huji, da sulalla masu bishiyar kwakwa, da liyari guda biyu. Kana da waya, akwai kuma wata tsohuwar kyamara mai cire ido ta yayanka, mai idon 18-55 da aka sayo ta da shi. Da wacce za ka ɗauka? Na yi da duka biyun, kuma zan faɗa maka tun yanzu cewa ba na'urar ce take ɓata yawancin hotunan da nake gani ba, haske ne da rawar hannu. Amma akwai bambanci a tsakaninsu.

Waya ta fi sauƙi, nesa ba kusa ba. Kana ganin abin da za ka samu a fuskarta kafin ka danna, ka tura nan take. Matsalarta ɗaya ce babba: idonta mai faɗi ne, sai ka kai ta dab da kwabon kafin ya cika hoton. Da ka matso, inuwar wayar da ta hannunka sun rufe shi, tsakiyarsa kuma ya yi kamar ya kumbura. Wayoyin da ke da tsarin ɗaukar abu na kusa sun fi muni a nan, domin suna so ka sauko har santimita biyu ko uku, wurin da babu ta inda haske zai shiga. Maganinsa shi ne ka ja baya kamar taƙi ɗaya, ka zuƙo ninki biyu, kada ka wuce haka. Jera littattafai, ka kwantar da wayar a kai idonta ya leƙo waje, kwabon yana ƙasa daidai saitinsa. Danna kan kwabon ka riƙe har ta kulle saitin, ka rage hasken kaɗan, ka sa ƙidayar daƙiƙa uku don kada yatsanka ya girgiza ta.

Aibinta na biyu ba ya gyaruwa sosai. Waya tana yi wa hoto kwalliya ba tare da an roƙe ta ba. Sulen da aka buga daga 1920, lokacin da aka bar azurfa aka koma farin tagulla mai ruwan ɗorawa, sai ta mayar maka da shi kamar zinariya, ta kuma fito da kowane ɗan ƙarce kamar an yanka da reza. Wanda ya san kuɗi yana gani zai ce an yi wa hoton gyara.

Kyamara kuwa ribarta tazara ce. Ka murɗa idon zuwa 55, ka tsaya kamar santimita 25 zuwa 30, ga fili wadatacce tsakaninka da kwabon da za ka juya fitila yadda kake so. Sa ta a f/8 (faɗin ƙofar hasken ido), ISO 100 (ƙarfin jin haskenta), ka bar ta ta ɗauki lokacinta tunda ba motsi kwabon yake ba. Launin da ta bayar ya fi kusa da gaskiya, musamman idan ka fara saita mata fari da farar takarda a ƙarƙashin fitilar da za ka yi aiki da ita. Sai dai tana buƙatar mariƙi mai ƙafa uku da zai iya kallon ƙasa, kuma wannan idon ba zai cika hoton da anini ba. Faɗin anini kamar santimita biyu ne kawai, zai zauna a tsakiya kamar ƙwayar gero a faifai, sai ka yanke gefe. Ga liyari, mai faɗin kusan santimita huɗu, ba ka da damuwa. Idan ƙananan ne suka dame ka, akwai zobba marasa gilashi da ake sakawa tsakanin ido da jikin kyamara, suna sa ta gani kusa, kuma ba su kai rabin kuɗin sabon ido ba.

Inda bambancin yake fitowa fili shi ne ƙananan alamomi. Yawancin kwabban Afirka ta Yamma na zamanin Turawa a Ingila aka buga su, wasu suna ɗauke da ɗan harafin H, alamar masana'antar Heaton ta Birmingham, wasu KN, wato masana'antar King's Norton. Harafin bai kai kan ashana ba, amma masu tara kuɗi shi suke fara nema bayan shekara, domin kwabo biyu masu shekara ɗaya suna iya bambanta daraja saboda shi. Haka rubutun Larabcin da ke ƙarƙashin hujin, wanda kan shafe a kwabon da ya sha hannu. Waya mai kyau tana nuna su, kyamara tana nuna su ba tare da ta ƙara musu gishiri ba. Ka duba ko kana da na 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya sauka daga mulki kafin shekarar ta ƙare. Ba wuyar samu yake ba, amma abin sha'awa ne.

Yanzu batun haske, wanda ya shafi duka biyun. Kashe filasha. Tana bugun ƙarfe ta dawo fari fat. Hasken taga da hantsi, ba inda rana take faɗowa kai tsaye ba, ya ishi tagulla mai duhu. Idan da fitila ne, yi amfani da biyu iri ɗaya, ɗaya a ƙarfe goma ɗaya a ƙarfe biyu idan ka ɗauki kwabon kamar fuskar agogo, ka ɗaga su sama, ka rufe bakin kowacce da farar takarda. Kada ka haɗa fitilar caji mai shuɗin haske da ƙwan ɗaki mai ja, launin zai rikice. Kwabon da ya suɗe, sauko da fitila ɗaya ta kwanta daga gefe, sai ka ga tauraron nan mai tsini shida da ke jikinsa ya taso. Mai sheƙi kuma, ciro gilashin firem ɗin hoto, ka karkata shi rabin miƙewa tsakanin ido da kwabon, ka hasko shi daga gefe. Hasken zai sauka a miƙe, fuskar ta fito fes. Wannan dabarar da kyamara ta fi yiwuwa, saboda tazarar nan. Shimfiɗa baƙin ƙyalle, ka ɗora kwabon a kan murfin kwalba don ƙyallen ya dushe a baya. Lokacin hunturu ka hure ƙura kafin kowane ɗauka.

Liyari ka ɗauke shi sau uku: gaba, baya, da gefen baki, domin akwai rubutu a zagayensa. Kada 1780 da ke jikinsa ta ruɗe ka, duk waɗanda aka ci gaba da bugawa bayan rasuwar Maria Theresa, sarauniyar Austria da hotonta ke kansa, wannan shekarar suke ɗauke da ita.

Kuma don Allah kada ka wanke su. Ni na taɓa goge wani kwabon Sarki George na biyar da toka da lemon tsami don ya yi kyau a hoto. Ya yi ƙyalli, amma a hoton duk sawun goga ne, wanda ya nemi saye kuma yana gani ya janye. Riƙe su ta gefe kawai.

Idan so kake ka nuna mana abin da ke cikin gwangwanin a gaya maka mene ne, ɗauki wayarka yau, taga ta ishe ka. Idan muka ga wanda ya cancanci a sayar wa mai tarawa a waje, sannan ka je ka aro kyamarar yayan naka, ka tambaye shi ko cajarta tana nan.